Hattara da jakar da kowa ke buɗewa a kwamfutar ofis

Duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu a Gumel, ko ofisoshin dillalan riɗi da zoborodo a Maigatari, zai tarar da kwamfuta biyu ko uku haɗe da firinta ɗaya. Akwai kuma jaka guda, wato folda, da kowa ke zuba aikinsa a ciki: rasit, takardun kwastam, lissafin bashi, har da hotunan katin shaidar mutane. Sau da yawa mai gyaran da ya haɗa su yakan bar ta a buɗe, ba lambar sirri, don kada a dame shi da kira. Aiki dai na tafiya, amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyar da kwamfutocin Windows ke miƙa wa juna fayil sunanta SMB, kuma tsohon samfurinta, SMB1, yana da ɓaraka. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta nan ta afka wa kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ba sai mutum ya latsa komai ba. Da ta kama guda, sai ta bi waya ta laluɓo maƙwabtanta. Ta kulle fayiloli, ta nemi fansar dala 300. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka ɗage ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne Microsoft ya fitar da maganin tun ranar 14 ga Maris. Mutane ne ba su sabunta ba.

A watan Yunin shekarar, wata mai suna NotPetya ta durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwan nan da muke ganin kwantenoninsa a bayan tireloli. Asararsa ta kai kimanin dala miliyan 300. In haka ta faru da mai injiniyoyi birjik, ina ga ɗan kasuwar da duk lissafinsa ke cikin kwamfuta ɗaya?

Mu nan laifinmu a fili yake. Ana ɗora Windows ɗin bogi, a kashe sabuntawa wai tana cinye data. Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Sababbin Windows ba sa zuwa da SMB1 a kunne, amma wani mai gyaran sai ya kunna shi da hannunsa saboda tsohuwar sikana ta ƙi aiki. Ga kuma Wi-Fi: ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci, baƙo ya roƙi lambar, a ba shi don kara, alhali kan layin nan jakar take.

Alhaji mai ofis, kira mai gyaranka a makon nan. Ka ce ya kashe SMB1, ya sa wa jakar lambar sirri, kowane ma'aikaci da tasa, ya ware wa baƙi layin intanet daban. Duk ƙarshen mako a kwafe muhimman takardu a wani faifan ajiya, a cire shi a kulle a durowa, domin in an bar shi a jone, muguwar manhaja za ta kulle shi tare da kwamfutar. Kuɗin datar sabuntawa kuwa, daure ka biya.