Yadda Aka Ɗaure Walƙiya Cikin Gilashi

Wutar lantarki idan ta keta cikin iska, kamar yadda walƙiya ke yi, ba ta san ya isa ba. Da zarar ta sami hanya sai ta yi ta ƙaruwa, har ta ƙone wayar da ta kawo ta. Wannan ita ce wahalar da Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson suka yi fama da ita a Jami'ar Ilinoy ta Amurka, sa'ad da suka ƙago allon filasma cikin shekarar 1964.

Allon nan, irin wanda aka riƙa yin talabijin da shi daga baya, falle biyu ne na gilashi. A tsakaninsu akwai 'yan ɗakuna masu ɗimbin yawa, kowanne cike da iskar niyon da zinon. In lantarki ya ratsa ɗaki, sai iskar ta zama filasma, watau iskar da ƙwayoyinta suka ɗauki caji, ta ba da haske.

Dabarar masanan nan kuwa mai sauƙi ce, amma sai mai zurfin tunani. Ba su bar waya ta taɓa iskar ba, sai suka sa gilashi a tsakani. Da tartsatsi ya tashi, cajin da ya kwaso ba shi da mafita. Sai ya taru a jikin bango, yana ture ƙarfin da ya kawo shi, har tartsatsin ya mutu don kansa cikin wajen kashi ɗaya daga miliyan na daƙiƙa. Sa'an nan a juya lantarkin. Cajin da ya hana ɗazu, yanzu shi ne mataimaki, gama ƙarfinsa ya haɗu da na waya, ɗakin ya sake kamawa. Ɗakin da bangonsa ba caji kuwa, ƙarfin waya kaɗai bai isa ya tashe shi ba. Ashe allon yana tuna ɗakin da aka kunna, ba sai an tuna masa ba.

Saura magana ɗaya. Ɗaki bai san rabin haske ba, ko yana kunne ko yana kashe. Saboda haka akan raba lokacin kowane hoto kashi 8, kowane kashi ninkin na bayansa. In an zaɓi kason da ɗaki zai kama a ciki, sai a sami matakan haske 256, ido kuwa ya haɗa su ba tare da ya lura ba.

Kamfanonin Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera talabijin na filasma cikin shekarar 2014.