Daga Chiba zuwa Kasuwar Bawku: Me Ke Hana Littafin Saibafank Tsufa?

A Binduri, inda manoman rani ke shuka albasa a bakin Farin Volta, ba abin mamaki ba ne manomi ya sayar da buhu, kuɗin su shigo masa ta waya, shi kuwa ko wutar lantarki ba ta wadace shi ba. MTN ta fara hidimar aika kuɗi ta waya a Gana tun 2009. Fasaha mai tsada a hannun talaka mai fama da rayuwa: wannan ita ce zuciyar adabin da ake kira saibafank, kuma marubutansa sun hango ta shekaru arba'in da suka wuce.

Sunan ya fito ne daga wani gajeren labari na Bruce Bethke da aka buga a 1983, amma wanda ya kafa tutar shi ne William Gibson da littafinsa Neuromancer na 1984, wanda ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula da Philip K. Dick. Abin dariya, da tafireta ya rubuta shi, bai mallaki kwamfuta ba. Kuma hasashensa ya yi tuntuɓe: jaruminsa Case, ɓarawon bayanai a birnin Chiba na Japan, yana fataucin ma'adanar kwamfuta mai megabait 3 kamar wata dukiya, abin da hoto ɗaya a wayar yau ya fi shi nauyi. Wayar hannu ma babu ita a littafin, tarhon kan titi ake bugawa. Duk da haka ana karanta shi har gobe. Dalili, a ganina, bakinsa ne.

Gibson ba ya yi wa mai karatu tafinta. Yakan jefo baƙuwar kalma ya wuce, sai ka bi shi a guje. Wanda ya taɓa sauka a kasuwar Bawku yana baƙo ya san wannan hali: nan Kusasanci, can Mamfurusanci, ga Mosanci ga Hausa, babu mai tsayawa ya fassara maka, amma kafin la'asar ka gane farashi, ka gane zagi. Jimlolinsa gajeru ne, cike da sunayen kaya da hasken talla da ƙamshin lungu, salon da ya gada daga labaran 'yan sandan ciki irin na Raymond Chandler da kuma rubutun William Burroughs. Ruɗewar da kake ji a shafukan farko ita ce ruɗewar talaka a birnin da ya fi ƙarfinsa. Da a ce ya tsaya bayani, da birnin ya mutu a hannunsa.

Abokinsa Bruce Sterling, wanda ya tattara labaran Mirrorshades a 1986, malamin wa'azin ƙungiyar ne. Tunaninsa a Schismatrix da Islands in the Net ya fi na Gibson zurfi kan siyasa da tattalin arziki, sai dai kana rufe littafin hujjar za ka tuna, muryar ta ɓace.

Neal Stephenson kuwa ɗan kama ne. A Snow Crash na 1992 jarumin yana rarraba fiza ne ga ƙungiyar Mafiya, labarin na tafiya da gudu da barkwanci, kamar ana yi wa Gibson shaƙiyanci. Sai kwatsam ya taka burki, ya zaunar da kai darasi mai tsawo kan tsohuwar daular Sumer da asalin harsuna. Wasu na tsallake shafukan nan, ni ma ban ga laifinsu ba. Amma daga littafin aka samo kalmar metabas, wadda kamfanin Facebook ya ɗauka ya sauya suna zuwa Meta a 2021. Pat Cadigan, a Synners na 1991, ta rarraba labarin a bakunan mutane da yawa, ta fi mazan damuwa da abin da na'ura ke yi wa jiki da zumunci.

Afirka ta shigo daga baya da nata bakin. Lauren Beukes ta cika Moxyland na 2008 da karin maganar matasan Cape Town. Rosewater na Tade Thompson, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019, Najeriyar 2066 ce da bakin wani gogaggen ɗan duniya. A Noor na 2021, Nnedi Okorafor ta haɗa mace mai gaɓoɓin ƙarfe da makiyayi Bafulatani a arewacin Najeriya. Duka da Ingilishi aka rubuta su, kuma nan ne gizo ke saƙa, domin idan ƙarfin wannan adabi a harshen titi yake, to titin namu ba Ingilishi yake yi ba.

Dubi kalmar sakawa. A Gana haka ake kiran damfarar intanet da aka haɗa da tsibbu, kuma kalmar Hausa ce tsantsa, daga zangunan Ankara ta bazu har ta shiga jaridu da finafinai. Gibson da kansa ba zai ƙirƙiro wadda ta fi ta ba: kwamfuta da laya a kalma ɗaya. Dubi kuma Agbogbloshie, inda samarin arewa, da yawa daga ƙasar Dagomba, suka yi shekaru suna ƙona wayoyin tsofaffin na'urori don ciro tagulla, har hukuma ta rushe wurin a 2021.

Alƙalamin ma ba baƙo ba ne a nan. Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta waƙoƙi kan zuwan Nasara, wato kan sabon iko da ya zo da sababbin kayan aiki ya birkita tsohuwar kasuwar goro. Umaru Dembo kuma ya kai Hausa sararin samaniya da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Wanda zai rubuta saibafank da Hausar zango yana da zaɓi: ya yi ta fassara wa mai karatu kowace na'ura kamar Stephenson, ko ya bar mai gyaran waya na tashar Bawku ya yi magana yadda yake yi da abokan sana'arsa, wanda ya gane ya gane. Ni dai na biyun zan saya.