Kafin a Kira Shi Daƙiƙi

A makarantunmu yaro yakan yi suna ne da abin da ya kasa. Wannan daƙiƙi ne, wancan gagararre, waccan kuwa kanta ba ya ja. Malami ya faɗa a aji, 'yan aji su ɗauka, uwa ta maimaita ranar da aka kawo sakamakon jarrabawa. Yaron da ya sha jin haka safe da yamma, ƙarshenta shi ma yarda yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, irin su ciwon damuwa da yawan fargaba. A ajin da aka cusa ɗalibai 70, ana maganar yara wajen 10 ke nan, kuma yawancinsu ba wanda ya san halin da suke ciki.

Shi ya sa masana ke ba makarantu shawarar su fara da tambayar abin da yaro ya iya, a gina a kansa. Shawarar tana da tushe. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Emmy Werner, ta bibiyi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauwai na Amurka, har suka kai shekara 40. Daga cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun zama manya masu natsuwa da abin yi. Da aka duba, sai aka ga galibinsu sun sami wani babba da ya tsaya musu, kaka ko malami ko maƙwabci, suna kuma da wani abu da suka iya har suke alfahari da shi.

Wannan bai fi ƙarfin malamin ƙauye ba. Yaron da lissafi ke kayarwa, wataƙila shi ke gyaran waya a shagon yayansa. A ba shi kula da lasifikar taron safe. Yarinyar da ba ta buɗe baki a aji, wataƙila ta haddace izu 20. A sa ta ja wa ƙannenta karatu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma fa ban da yabon ƙarya, don matashi yana gane daɗin baki tun daga nesa. A faɗa masa ainihin abin da ya yi daidai, sannan a ɗora masa nauyin da ya dace da shi.

Sai dai kada iyaye su ɗauka wannan ya isa magani. Idan yaro ya yi mako biyu ya ƙaurace wa abokai, barci da cin abinci sun rikice, ya shiga shaye-shaye, ko ya fara zancen gara ya mutu, to a yi addu'a, a kuma kai shi ga likita. Zancen mutuwa kam ba a jira ya kwana. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma likitan asibitin da ke kusa zai iya rubuta takardar turawa can.