Motar Kara: Hikimar Yara a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Idan ana zancen sana'o'in Hausawa, abin da kan zo wa mai nazari a rai shi ne ƙira da sassaƙa da dukanci. Ba kasafai akan waiwayi abin da yara ke ƙerawa da hannunsu don nishaɗi ba. Wannan ɗan taƙaitaccen bayani zai dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka, watau motar kara.

Kayan Aiki

Lokacin wannan aiki shi ne kaka, bayan an girbe dawa, kara ya bushe. Manya su kwashi nasu don darni da gado da makamashi, yara kuwa su tsinci sille, watau siririn ɓangaren da ke can saman kara. Abu biyu ake bukata a jikinsa: ɓawo, wanda ke da ƙarfi da kaifi, da kuma totuwa, wadda ke da taushi. Hikimar duk a nan take, domin ɓawon shi ne ƙusa, totuwar ita ce katako. Sauran kayan su ne reza da tsinke da sakaina ko tsohon silifa.

Yadda Ake Haɗawa

Da fari yaro zai ɓare karan, ya tsaga ɓawon siri-siri, ya fiƙe bakinsa. Sa'an nan ya yanka totuwa huɗu, biyu dogaye biyu gajeru, ya soke su da ɓawo a kowace kusurwa. Wannan shi ne gindin mota, kuma idan ya karkace, motar ba za ta taɓa tafiya sosai ba. A kansa ake tayar da gidan direba da bodi. Daga nan sai a yanko taya huɗu daga sakaina ko silifa, a huda tsakiyarsu, a zura tsinke. Tilas hudar ta ɗan fi tsinken faɗi, in ba haka ba tayar sai ta cije. A ƙarshe a kafa dogon kara mai sitiyari, don yaro ya tuƙa yana tsaye.

Wasu yaran har fitila sukan sa. Sukan sami batirin tocila 2, kowane mai ƙarfin bolt 1.5, su jera su kai da gindi, ƙarfin ya zama bolt 3. Waya ɗaya ta tashi daga kan batir zuwa gindin ƙwan fitila, ɗaya kuma daga jikin ƙwan zuwa gindin batir. Muddin wannan da'ira ba ta rufe ba, wuta ba za ta kama ba.

Kammalawa

Ke nan yaron da ya haɗa motar kara ya koyi awo da daidaito da haƙuri, ba tare da an zaunar da shi a aji ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin takaici, motocin roba na kanti sun rage wa wannan aiki kasuwa, musamman a birane, kuma idan aiki ya mutu, kalmominsa kan bi shi. Saboda haka ya kamata ɗaliban wannan sashe, in sun je hutu garuruwansu, su zauna da yara da dattawa, su rubuta sunan kowane ɓangare na motar yadda ake faɗinsa a karin harshensu, tun masu sanin suna raye.