Baƙin Akwatin Nan Ba Cuta Ba Ne

A shagunan buga takardu na Tudun Ƙofa a Keffi za ka tarar da kwamfuta huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, an haɗa su da waya, amma yaron shago na yawo da filash daga wannan zuwa waccan. Abin ya fi muni lokacin da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suka cika shaguna da aikin kammala karatu. Filashin nan shi ke kwaso cutar da ke ɓoye fayiloli, ana ji ana gani aikin ɗalibi ya salwanta.

Maganin ba tsada. A ware kwamfuta ɗaya ta zama sabar mai suna SABAR, a buɗe babban fayil mai suna Ayyuka a cikinta ga sauran, sannan a rubuta layi ɗaya a Notepad:

net use Z: \\SABAR\Ayyuka /persistent:yes

A adana shi da ƙarshen .bat, a jefa shi cikin shell:startup na kowace kwamfuta. Duk wanda ya kunna kwamfutarsa zai ga Z: na jiransa. Masu Linux kuwa mount -t cifs ne nasu.

To, inda ake ɓata min rai ke nan. Da baƙin akwatin da fayil ɗin ke buɗewa ya ƙifta a fuskar kwamfuta, sai wani ya ce 'yan yahoo sun shigo, ya goge fayil ɗin, a koma wa filash. Haba! Wannan akwatin na Windows ne, umarninka yake karantawa, kuma da ya gama yake rufewa. Ɓarawon bayanai ya fi son aiki a ɓoye, ba ya sallama. In kana shakka, buɗe fayil ɗin da Notepad ka karanta da idonka, ai layi ɗaya ne. Gaskiya fayil mai .bat na iya yin ɓarna idan baƙo ya turo maka shi, don haka karanta kafin ka danna. Amma ka tsorata da wanda mai gyaran kwamfutarka ya rubuta a gabanka, ka amince da filashin da ya ratsa shaguna goma? Wannan ganganci ne.

Kada a rubuta kalmar sirri cikin fayil ɗin, duk mai buɗewa zai ganta. A ajiye ta sau ɗaya da cmdkey. Idan an dawo da wuta, a fara kunna sabar, ko a sa timeout /t 60 a saman umarnin don ya jira minti ɗaya. A kashe tsohon tsarin SMB1, wanda cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Kowane ma'aikaci ya samu sunan shigarsa, ba a raba ɗaya.

Kuma ku sani, abin da aka goge daga Z: ba ya zuwa kwandon shara na kwamfutarka. Don haka mai shago, duk ranar Juma'a ka kwafe sabar zuwa wani faifai daban.