Layi Biyu a Na'ura Ɗaya: Amsa ga Mai Shago a Randagi

Wani mai sauraronmu, mai shagon POS a Randagi, ya rubuto yana tambaya: ya sa layin MTN da na Airtel a na'urar rarraba intanet guda, me ya sa kuɗi ke maƙalewa?

To Malam, na'urar nan kamar zauren gida take. Kowace waya a shagonka tana da lambarta ta cikin gida, amma daga waje adireshi ɗaya ake gani, na layin da ke aiki. Akwai kuma mai gadin zauren, wato katangar tsaro, ba ya barin kowa ya shigo sai wanda aka aika a kira. In na'urar ta sauya layi ana tsakiyar tura kuɗi, adireshi ya canza ke nan. Banki ya ga baƙuwar fuska, sai ya katse.

Saboda haka ka saita layi ɗaya ya zama babba, ɗayan na ko-ta-kwana. Kada ka bar ta tana raba aiki tsakaninsu. Kalmar sirrin da ta zo da ita ma ka canza.

Amma fa in aka rufe sabis gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Birnin Gwari a 2021, layi goma ma ba zai yi ba.