Makaranta ce gwana, ko ƙofar shiga ce ke tace ɗalibai?

A watan Maris na 2019 hukumar ilimi ta birnin New York da ke Amurka ta fitar da sakamakon neman shiga Stuyvesant, sakandaren gwamnati da ta yi suna har tsofaffin ɗalibanta huɗu suka ci kyautar Nobel. Gurbi 895 aka raba, baƙaƙen fata bakwai kacal suka samu. Wannan kuwa a birnin da kusan kashi biyu cikin uku na 'yan makarantun gwamnati baƙaƙen fata ne ko masu asali daga Latin Amurka. A Stuyvesant kuwa, sama da kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban 'yan asalin Asiya ne.

Hukuma ɗaya ke riƙe da Stuyvesant da sauran makarantun gwamnatin birnin, amma wanda ya jera sakamakon jarrabawarsu sai ya rantse ba a ƙasa ɗaya suke ba.

Asalin lamarin yana bakin ƙofa. Makarantu takwas, ciki har da Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, ba sa duba komai sai makin jarrabawa guda da yaro ke zaunawa a rana ɗaya. Ba ruwansu da rahoton malami ko ƙoƙarin da ya yi a aji. Wata doka da majalisar jihar ta kafa a 1971 ce ta ɗaure wannan tsari ga manyan makarantun nan uku. Iyayen da suka san da jarrabawar kan sa yaro darasin share fage tun da wuri. Wasu kuwa sai lokaci ya ƙure suke jin labarinta. Kada kuma a ɗauka duk masu cin nan 'ya'yan attajirai ne. Da yawansu 'ya'yan 'yan ci-rani ne masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda iyayensu ke matse bakin aljihu don biyan kuɗin darasi.

To, idan makaranta ta tsince zakarun gari, sannan suka ci jarrabawar fita, wa za a yaba wa? Masana tattalin arziki uku, Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak, sun bi diddigin wannan tambaya a binciken da suka wallafa a 2014. Dabarar tasu mai sauƙi ce. Suka ɗauki yaran New York da Boston da suka haye makin shiga da ƙyar, suka gwada su da waɗanda suka faɗi da ɗan kaɗan, tunda kusan kansu ɗaya. Da aka duba sakamakonsu bayan shekaru, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wato yaron ne ya zo da ƙwazonsa, makarantar ta kwashi yabo.

Ba yau aka fara jin haka ba. Rahoton James Coleman na 1966, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 600,000, ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi gini da kayan makaranta tasiri a kan makinsa. Shi ya sa a ganina jerin "makarantun da suka fi kowa" ba abin dogaro ba ne sai an san su wa aka ɗauka, kuma daga ina suka taso. Malamar da ta karɓi yaro bai iya haɗa baƙi ba, ta kai shi ya ci jarrabawa da ƙyar, ta fi mai goge wanda ya zo a goge aiki, amma makarantarta ce ke kwana a ƙasan jeri.

A 2018 magajin garin New York na lokacin, Bill de Blasio, ya nemi a soke jarrabawar, a riƙa ɗaukar zakarun kowace ƙaramar sakandare. Iyaye 'yan asalin Asiya suka yi ca, suka ce 'ya'yansu ake so a zalunta. Majalisar jihar da ke Albany ba ta amince ba, jarrabawar kuma ta ci gaba da zamanta.